Janar Ɗaya, Runduna Biyu: Waiwaye Kan Wasan Yaƙin Mutum Shi Kaɗai

A Ingila da Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai mutane, galibinsu magidanta, wasu ma masu jikoki, da sukan shimfiɗa koren ƙyalle a kan tebur idan sun dawo daga aiki, su jera 'yan ƙananan sojoji na dalma ko na roba waɗanda suka shafa wa fenti da hannunsu, tsayin kowane bai wuce milimita 15 zuwa 28 ba. Rundunar Rumawa a wannan gefe, ta Hannibal da giwayenta a wancan. Akwai rula ta auna tafiyar kowace ƙungiya, akwai dayis irin na ludo mai yanke hukuncin wa ya faɗi wa ya tsira, akwai littafin dokoki. Abokin karawa ne kawai babu. Mutum ɗaya shi ne sarkin yaƙin ɓangarorin biyu, kuma idan an tashi daga fage shi ne zai ɗauki alƙalami ya rubuta yadda aka kwashe.

Duk wanda ya taɓa gwada buga dara shi kaɗai ya san inda gizo ke saƙar: tarkon da ka ɗana, kai ne za ka zo ka tsallake shi, domin ka san inda yake. Yaƙi kuwa ɗan zamba ne. To yaya mutum zai zambaci kansa? Tarihin wannan wasa, a ganina, tarihin amsa wannan tambaya ɗaya ne, kuma amsar da ta fi kowace inganci ta fito ne daga hannun masu son yaƙe-yaƙen zamanin da da na duniyar almara.

Asalin abin ba na nishaɗi ba ne. A 1812 wani ma'aikacin gwamnatin Furusiya, Georg Leopold von Reisswitz, ya miƙa wa sarkinsu wani tebur na musamman da ake kwaikwayon yaƙi a kansa. Ɗansa, wanda hafsa ne a sashen igwa, ya gyara dokokin, ya mayar da wasan kan taswirar ƙasa ta gaskiya, ya fitar da shi a 1824. Shugaban hafsoshin ƙasar, Janar von Müffling, ya gani ya yaba, aka shigar da shi cikin horon soja da sunan Kriegsspiel. Ba a amfani da mutum-mutumi a ciki, 'yan guntayen ƙarfe ne ja da shuɗi. Abin da ya kamata a riƙe daga wannan zango shi ne matsayin alƙalin wasa. Ɓangarorin biyu ba sa ganin juna. Kowane yana rubuta umarninsa ya miƙa, alƙali ne kaɗai ya san inda kowa yake, shi ke cewa 'yan leƙen asirinka sun hango ƙura a gabas, ko saƙonka bai isa ba tukuna. Bayan Furusiya ta murƙushe Faransa a 1870 zuwa 1871, rundunonin wasu ƙasashe suka yi rububin kwaikwaya. Duk dabarun da masu wasa su kaɗai suka ƙirƙiro daga baya ƙoƙari ne na samar da wannan alƙali ta hanyar takarda da ƙuri'a.

Jijiya ta biyu ta wasan ta fito ne daga ɗakin yara. A 1826 wani limamin coci a ƙauyen Haworth na Ingila, Patrick Brontë, ya kawo wa ɗansa Branwell akwatin sojojin katako goma sha biyu. Shi da 'yan uwansa mata, Charlotte da Emily da Anne, waɗanda daga baya suka zama mashahuran marubuta, suka raɗa wa kowane soja suna, suka ƙaga musu daula mai suna Glass Town, suka dasa ta a gaɓar Afirka ta Yamma, suka sa su yaƙi da Ashanti. Tunanin zamaninsu ne, wanda ke ɗaukar ƙasar wasu kamar fili marar mai shi, kuma ba na ganin dalilin ɓoye hakan. Amma ta fuskar wasan, sun yi abin da za a dawo gare shi bayan shekaru ɗari da talatin: soja mai suna da hali, ƙasa mai taswira, da tarihi da ake rubutawa a 'yan ƙananan littattafai. Robert Louis Stevenson ma, lokacin da yake jinyar huhu a Davos ta ƙasar Suwizalan a farkon shekarun 1880, ya zana taswira da alli a daɓen ɗakin sama, shi da agolansa Lloyd Osbourne suka yi ta gwabzawa makonni, Stevenson na rubuta rahotannin yaƙin kamar wakilin jarida.

Sai kamfanin William Britain ya fito da hanyar zuba sojojin dalma masu rami a ciki a 1893, farashi ya sauka, sojojin wasa suka cika gidajen Ingila. H. G. Wells ya wallafa Little Wars a 1913, littafin da ake ɗauka a matsayin mafarin wasan na farar hula. Dokokinsa masu sauƙi ne, ana harba ɗan itace daga igwar wasa mai sifirin, sojan da ya faɗi ya mutu. Wells ya yi fatan masu ƙishin yaƙi za su kashe ƙishinsu a daɓen ɗaki su bar 'ya'yan mutane su rayu. Shekara ɗaya bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, kuma Turai da ta binne miliyoyin samarinta ba ta da sauran marmarin wasa da sojoji. Abin ya kwanta kusan shekaru arba'in a hannun 'yan tsiraru.

Waɗannan 'yan tsiraru, a shekarun 1950, ba don sha'awa suke wasa su kaɗai ba. Rashin aboki ne. Mutum yana iya zama a gari guda bai san akwai wani mai irin ra'ayinsa ba, ga kuma jin nauyin a ce babba da shi yana wasan yara. A Kalifoniya, Jack Scruby ya fara zuba sojoji yana sayarwa, ya kuma kafa mujallar War Game Digest a 1957, wadda ta haɗa warwatsattun mutanen nan ta hanyar gidan waya. A birnin Bristol na Ingila wani mai suna Lionel Tarr ya shafe shekaru yana maimaita mamayar da Jamus ta yi wa Rasha a 1941, shi kaɗai, da taswira da lissafin asara, har ya gina kwatankwacin birnin Stalingrad a kan teburinsa. Amma garin da ya zama cibiya shi ne Southampton, saboda mutum biyu da Allah ya haɗa a can.

Na farko Donald Featherstone, wanda aka haifa a 1918, ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a rundunar tankoki, daga baya ya zama mai gashin ƙashi da jijiya na ƙungiyar ƙwallon ƙafar garin. Littafinsa War Games na 1962 shi ya fitar da wasan daga ɗaka zuwa kasuwa, a daidai lokacin da kamfanin Airfix ke sayar da kwalin sojojin roba sama da arba'in a kan sule biyu, ɗan makaranta ma yana iya tara runduna. Ya riƙe mujallar Wargamer's Newsletter daga 1962 har 1980. Na biyu shi ne abokin karawarsa na farko, Tony Bath, wanda aka haifa a 1926. Featherstone ne ya fi suna, shi ya fi yawan littattafai, amma idan ana maganar dogon yaƙi mai daula da zuriya, Bath ne uban tafiya, kuma a kansa nake so in daɗe.

Zuciyar Bath tana wajen zamanin takobi da garkuwa. Tun 1956 ya buga dokokin yaƙin zamanin da, yana amfani da sojojin kuza shafaffu da ake yi a Jamus, waɗanda ta gefe kawai ake ganin surarsu. A 1965 ya kafa ƙungiyar Society of Ancients mai mujallar Slingshot, kuma har yau suna nan. Sai dai ya ci karo da wata matsala da duk mai tara irin waɗannan sojoji ya sani. Yana da Misirawa masu karusa, yana da Girkawa masu dogayen masu, yana da Rumawa, yana da barade masu sulke na tsakiyar zamani, kuma tarihi bai taɓa haɗa su a fage ɗaya ba. Tsakanin wasunsu akwai shekaru dubu biyu. Mafitar ta zo masa daga labaran wani marubucin Texas, Robert E. Howard, wanda ya ƙagi jarumi Conan a 1932. Howard ya shirya wa labaransa wani ƙagaggen zamani inda kowace ƙasa take kama da wata al'umma ta tarihi: Stygia kamar tsohuwar Masar, Aquilonia kamar daular barade ta Turai, Vendhya kamar Indiya, Khitai kamar Sin. Bath ya ɗauki wannan taswira ya faɗaɗa ta, ya kira nahiyar Hyboria, ya ba kowace rundunar da ke cikin akwatunansa ƙasar zama. Ta haka yaƙin zamanin da da duniyar almara suka haɗu tun kafin a san za a yi wani abu mai suna Dungeons & Dragons. Bai ba tsafi da dodanni babban gurbi ba. Abin da ya ɗauko daga almara shi ne 'yancin shirya duniya yadda yake so.

Kuma ya shirya ta da gaske. Ya raba taswirar gida-gida don a san kwana nawa runduna za ta yi daga wannan birni zuwa wancan. Kowane lardi da harajinsa da yawan mazan da zai iya bayarwa. Akwai baitulmali, akwai albashin sojan haya, akwai damina da hunturu, akwai annoba. Sarkin da ya ɓarnatar da dawakinsa a karo ɗaya don neman suna, zai shiga karo na gaba da ƙafa. Wannan kaɗai ya canja yadda ake wasan. A fafatawa guda da za a tashi a manta, kowa yakan tura sojansa na ƙarshe cikin wuta, tunda gobe za a sake jera su. A dogon yaƙi kuwa janar yakan ja da baya tun da sauran ƙarfinsa, yakan ƙi karo idan filin bai yi masa ba, yakan nemi sulhu. Wato yakan fara tunani irin na mai ɗaukar nauyin rayuka.

Babbar gudummawarsa ita ce yadda ya samar wa mutanen Hyboria hali. Nahiya guda tana da sarakuna da hakimai da 'ya'yan sarauta da matansu fiye da yadda abokan wasa za su iya riƙewa. Sai Bath ya ɗauki karta. Ga kowane basarake yakan raba 'yan katuna: ɗaya ya nuna abin da ya rinjayi zuciyarsa, son dukiya ne ko son mulki ko son yaƙi ko kyakkyawar niyya, sauran su ƙara masa siffofi irin su riƙon amana, tsoro, ha'inci, hikima, saurin fushi. Ya rubuta a ajiye. Ran da aka kewaye wani birni, ba sai Bath ya tambayi kansa mene ne mafi alheri ga masu tsaron ba. Zai duba takardar hakimin garin. Idan makwaɗaici ne kuma maci amana, ƙofa za ta buɗe da dare a kan 'yan jakunkunan zinariya, ko da hakan ya rushe shirin da Bath ɗin kansa ya fi so. Idan mai zafin kai ne, zai fito fili ya yi karon da bai kamata ya yi ba. Hyboria ba wasan mutum ɗaya ba ce zalla, domin abokai sun riƙe manyan ƙasashe suna aiko da umarni ta wasiƙa, Bath na alƙalanci, har yana fitar musu da 'yar jaridar duniyar mai suna Shadizar Herald. Amma kayan aikin da ya ƙera don tafiyar da mutanen da ba mai riƙe da su, su ne ainihin abin da mai wasa shi kaɗai yake nema. Ya tattara su a littafin Setting Up a Wargames Campaign a 1973.

A shekarar nan dai Featherstone ya fitar da Solo-Wargaming, littafi na farko da aka keɓe wa wannan fanni. Tarin dabaru ne, wasu nasa, wasu na masu rubuto masa wasiƙa. Ka rubuta tsare-tsare uku ko huɗu na abokin gaba, ka sa kowane a ambulan, ka gauraya, ka shirya taka rundunar, sannan ka zari ɗaya. Ka tanadi katunan ba-zata da ake ja a tsakiyar karo: ruwa ya sauko, gada ta karye, taimako ya makara, wata ƙungiya ta fahimci umarni a baibai. Ka sa alamomi a kife maimakon sojoji, wasu na gaske wasu na banza, ba za ka san wanne ne ba sai 'yan sintirinka sun matsa kusa. Ya kuma yaɗa dabarar manna kwalayen ashana da yawa wuri ɗaya, kowane kwali yana wakiltar gida guda a taswira, ana zura alamar runduna a ciki, sai ran da alamomi biyu suka haɗu a kwali ɗaya a san an yi kiciɓis. Sannan ya nace a kan littafin tarihin yaƙi, a riƙa rubuta abin da ya faru bayan kowane karo, da sunayen waɗanda suka yi jarunta da waɗanda suka gudu. Abin da na fi daraja a littafin shi ne ya cire wa mai wasa shi kaɗai kunya. Ya nuna cewa yana da abin da mai aboki ba shi da shi: ba ya gaggawa, ba ya gardamar doka da kowa, yana iya barin tebur a shirye mako guda yana tunani, yana kuma iya buga karon da ɗari ke fuskantar dubu, wanda ba abokin da zai yarda ya riƙe ɓangaren ɗarin.

A 1976 John Bennett ya kafa ƙungiyar masu wasa su kaɗai, Solo Wargamers Association, da mujallarta Lone Warrior. A 1983 Charles S. Grant, hafsan sojan Birtaniya wanda mahaifinsa ma gwani ne a fagen, ya fitar da Programmed Wargames Scenarios, inda ya kai dabarar ambulan matuƙa: dayis ne ke zaɓar yanayin filin, da yadda abokin gaba zai jeru, da umarnin da ke hannunsa, da martanin da zai mayar idan ka kai masa hari ta dama ko ta hagu.

Yayin da wannan ke gudana, babban kogin wasan ya karkata wata hanya. A Amurka, Gary Gygax da Jeff Perren sun buga Chainmail a 1971, dokokin yaƙin tsakiyar zamani da ɗan ƙari a ƙarshe na matsafa da dodanni, saboda farin jinin littattafan almara na Tolkien a lokacin. Daga nan Gygax da Dave Arneson suka haifi Dungeons & Dragons a 1974, inda kowa ke riƙe jarumi ɗaya maimakon runduna. A Ingila kamfanin Games Workshop ya fito da Warhammer a 1983, ya zama gagarau a kasuwa. Ta ɓangaren tarihi kuma, Wargames Research Group da Phil Barker da abokansa suka kafa a 1969 ta mamaye fagen zamanin da, dokokinta suka zama na gasa a ƙasashe da dama. Duka hanyoyin biyu sun ginu a kan abu ɗaya: mutum biyu, runduna biyu masu maki daidai wa daida, a tashi a san wa ya ci. Wannan ya kawo jama'a da kuɗi da kyawawan sojoji, ba a musu. Amma ya ture dogon yaƙi gefe, ya kuma cika dokoki da ƙididdiga har karo ɗaya yakan cinye yini. Mutum ɗaya da zai riƙe lissafin ɓangarori biyu a irin wannan tsari yakan gaji kafin a kai tsakiya, kuma daulolin da aka fara da zumuɗi da yawa sun mutu a karo na uku.

Sauƙin ya zo daga inda nauyin ya fito. A 1990 Phil Barker da Sue Laflin-Barker da Richard Bodley Scott suka fitar da ɗan siririn littafi, De Bellis Antiquitatis, wanda kowa ke kira DBA. Kowace runduna ƙungiya goma sha biyu ce kacal, filin kuma murabba'i ne mai faɗin kusan santimita 60, ana gama karo cikin awa ɗaya. Muhimmin abu shi ne a farkon kowane zagaye janar yakan jefa dayis ɗaya, lambar da ta fito ita ce yawan umarnin da zai iya bayarwa. Ka shirya kai hari ta gefe uku, sai ɗaya ta fito, dole ka zaɓi guda ka bar sauran a tsaye. Ba don masu wasa su kaɗai aka tsara wannan ba, amma ya zame musu kamar da su aka auna, domin ko da ka san nufin ɓangarorin biyu, ba ka san wanne zai samu ikon aiwatarwa ba. Shekara ɗaya bayan haka suka fitar da ɗan'uwansa na almara, Hordes of the Things, mai jarumai da matsafa da halittu masu tashi sama. Yanzu mutum yana iya tara runduna shida a kwali ɗaya, ya buga shekarar yaƙi guda cikin 'yan darare. Daular da a da take buƙatar ɗaki guda ta koma kan teburin cin abinci.

Akwai dalilin da ya sa zamanin da ya fi dacewa da wannan harka fiye da na Napoleon ko na Hitler. Yaƙe-yaƙen baya-bayan nan an rubuce su har zuwa sunan kowace bataliya da sa'ar da ta motsa, mai wasa ba shi da wurin sa hannu sai ya saɓa wa abin da aka sani. Amma karon Kadesh tsakanin Ramses na Biyu da Hittiyawa, ko na Cannae a shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), abin da ya iso mana ruwayoyi ne ƙalilan, galibi daga bakin ɓangare ɗaya, masana na ta saɓani a kan adadin mayaƙa. Giɓin nan shi ne filin mai wasa. Dubi abin da ya biyo bayan mutuwar Iskandar na Makidoniya a 323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): janar-janar ɗinsa suka shafe shekaru arba'in suna ƙulla ƙawance suna warwarewa, kowane da giwayensa da sojan hayarsa da baitulmalinsa. Wanda ya raba wa janar-janar ɗin nan, irin su Ptolemy da Seleucus da Antigonus, katunan hali irin na Bath, ya bar su su yi ta kansu, zai fahimci dalilin da ya sa ba wanda ya iya haɗe daular nan fiye da wanda ya haddace shekarun kawai. Tsakanin irin wannan da ƙagaggiyar nahiya tazarar kaɗan ce, shi ya sa mutanen fannin ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan ba tare da sun canja sojoji ba.

A cikin jerin rundunonin da Barker da abokansa suka tsara akwai guda da ta shafe mu kai tsaye. Sun kira ta rundunar Sudan ta Yamma, daga shekarar 1000 zuwa 1591, shekarar da Maroko ta karya Songhai a Tondibi, kuma ta ƙunshi Mali da Songhai da Borno da ƙasashen Hausa. Sunayen ƙungiyoyin da ke ciki namu ne: 'yan lifida, 'yan kwarbai, 'yan baka, zagi. Akwai Turawan da suka zauna suka shafa wa dokin lifidi fenti ja da rawaya, suka karanta abin da suka samu a kan yadda barade ke jiran 'yan baka su gama ruwan kibiya kafin su yi sukuwa.

Zuwan intanet ya kashe matsalar da ta haifi wasan tun farko, tunda yanzu ba wanda zai rasa abokin karawa idan yana so. Kwamfuta kuma tana iya riƙe abokin gaba mai wayo fiye da kowace ambulan. Da rashin aboki ne kaɗai dalili, da wasan ya mutu. Sai ga shi ya ƙaru. Ed Teixeira a Amurka ya gina dokokin Two Hour Wargames a kan martani, inda sojanka ma ba kullum yake bin umarninka ba. Neil Thomas ya fitar da One-Hour Wargames a 2014 da yanayin karo talatin a kan ƙaramin tebur. Joseph McCullough ya fitar da Rangers of Shadow Deep a 2018, wanda tun daga tushe an gina shi ne don mutum ɗaya ko abokai masu haɗa kai a kan dodannin da doka ke tafiyarwa. Ivan Sorensen ya yi Five Leagues from the Borderlands, inda jadawali ke ƙaga ƙauyuka da barazana da raunukan da jarumanka za su kwana da su. Da kullen korona ya rufe kulob-kulob a 2020, dubban masu wasa suka waiwayi wannan hanya, kamfanoni suka shiga saka babin wasan mutum ɗaya a littattafansu. Wani mai suna John Curry kuma ya ɗauki nauyin sake buga tsofaffin littattafan Featherstone da Bath, waɗanda da sai an yi sa'a ake samunsu. Bath ya rasu a 2000, bai ga wannan ba. Featherstone ya kai 2013, yana da shekara 95.

Ina murna da sababbin wasannin nan, sun buɗe ƙofa ga wanda ba shi da lokaci. Amma ina da ƙorafi a kansu. Yawancinsu sun ƙanƙance daga daula zuwa 'yan jarumai biyar ko takwas, daga siyasa da haraji da gadon sarauta zuwa neman taska a kango. Duniyar ma an gama shirya ta, an buga, an sayar maka. Kai dai ka jefa dayis ka duba shafi kaza. Mamakin da ke fitowa daga jadawalin wani daban yake da wanda ke fitowa daga hakimin da kai ka raɗa wa suna, ka san ubansa, ka san wanda ya ƙwace masa gari shekara uku da suka wuce, sannan yau ya juya maka baya a tsakiyar fage. Na farko sa'a ce kawai. Na biyu yana da sanadi, kuma sanadi shi ne abin da mai nazarin tarihi ke bi. Don haka har yanzu ban ga littafin da ya kama ƙafar na Bath na 1973 ba.

Mai karatu da abin ya ba shi sha'awa, musamman malamin tarihi ko ɗalibinsa, kada tsadar sojojin waje ta tsorata shi. Hafsoshin Furusiya da 'yan guntaye ja da shuɗi suka koyi yaƙi, kuma wanda ba ya son mutum-mutumi yana iya yanka katako ko kwali ya rubuta sunan ƙungiya a kai. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da karta ba, ya rubuta halaye a 'yan takardu ya zuba a hula ya ja ƙuri'a; ba kuɗi a ciki, ba caca. Abin yi kuwa yana nan jibge a gida. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, a wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke saboda asarar da aka sha a yaƙi. Ga doguwar gabar Kano da Katsina, ga hare-haren Kwararrafa, ga Kanta na Kabi da ya tsaya wa Songhai, ga Gobir da Zamfara. A zana taswirar ƙasar Hausa, a sa birane da ganuwarsu da hanyoyin fatake, a ba kowane sarki da galadimansa da madawakinsa hali, a buɗe sabon littafi a rubuta shekara ta farko.